Akwatin Ajiya Ya Tsufa: Me Za a Saya a Madadinsa a Ƙasar Yawuri?

Gaisuwa ga mutanen Yelwa da Birnin Yawuri, da na Wara da Libata da Ngaski, da na Shanga da Dugu Tsoho, har da 'yan'uwanmu na tungaye da gungaye a bakin tafkin Kainji, masu jin mu daga cikin jirgi ko daga inuwa ana gyaran taru.

Yau maganar ajiya za mu yi, ajiyar abin da ke cikin waya da kwamfuta. Wani bawan Allah mai ɗaukar hoto da bidiyon biki a Yelwa ne ya aiko da tambaya. Ya ce shekara da shekaru yana da wani ɗan akwati da ya haɗa da rautar gidansa. Duk aikin da ya ɗauko, na suna ko na ɗaurin aure ko na bikin Rigata, can yake juyewa, hotunan wayar iyalinsa ma can suke tafiya. Yanzu akwatin ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, wani lokaci sai an kashe an kunna kafin kwamfuta ta gan shi. To wanne zai saya a madadinsa?

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ɗan akwati ne da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. A cikinsa akwai faifan ajiya ɗaya ko biyu ko huɗu, da 'yar ƙaramar kwamfuta mai kula da su. Ana jona shi da rauta, sai duk waya ko laftof da ke kan waifai ɗin gidan ta iya tura masa kaya ko ta ɗauko, ba tare da an ci data ko kwabo ba. Masu sana'ar kwamfuta NAS suke ce masa, kuma sunan da za ka ambata ke nan a kasuwa.

Malam mai hoto, kafin mu je kasuwa, ga abin da ya fi gaggawa. Wannan ƙarar da kake ji, faifai ne yake haramar mutuwa. Daina zuba masa sabon aiki daga yau. Samo faifan waje, irin wanda ake jonawa da USB, ka fara kwashe abin da ba shi da madadi: takardun fili, hotunan iyayen da suka rasu, aikin mutanen da ba su karɓa ba tukuna. Finafinai da waƙoƙi su jira, ana samunsu a wani wuri. Kada kuma ka yi ta kashewa kana kunnawa don ka ga ko zai warke. Kowane tashi da faifai mai ciwo ya yi, kwanansa ne yake ƙarewa.

Sannan bari in faɗi gaskiya tun da wuri, don kada wani ya je ya ci bashi. Yawancin masu jin mu ba sa buƙatar wannan akwati. In abin da kake da shi waya ɗaya ce, da hotunan yara da saƙonnin murya na abokan cinikin kifi ko shinkafa, akwai hanya mai sauƙi, zan zo kanta. Akwatin na wanda kayansa suka yi nauyi ne: mai hoto, mai shagon kwamfuta da ke cike wa ɗalibai fom, makarantar Islamiyya da ke naɗar tafsirin azumi shekara bayan shekara, ko babban gida mai wayoyi goma.

Akwai kuma wanda akwatinsa lafiya lau yake aiki, amma lokacin canza shi ya yi bai sani ba. Dalili shi ne kamfanin da ya ƙera shi ya daina aiko masa da gyaran manhaja. A watan Yunin 2021, masu amfani da wani akwati na kamfanin Western Digital mai suna My Book Live, a ƙasashe daban-daban, suka wayi gari suka tarar an share musu komai. Ɓata-gari ne suka shiga ta intanet, ta wata kafa da ke cikin manhajar, suka ba akwatunan umarnin su koma yadda suka fito daga masana'anta. Rabon da kamfanin ya sabunta manhajar wannan samfuri tun 2015. Mutane sun yi asarar hotunan shekara goma a dare ɗaya, alhali faya-fayansu ba su da ciwon komai. Saboda haka in naka ya daɗe, shiga shafin kamfanin ka duba ko har yanzu suna kula da samfurin. In sun sallame shi, raba shi da intanet yau, ka fara shirin sabo.

To, me za a duba wajen saye?

Ni tambayar farko da zan yi maka ita ce, wace irin wuta ce a gidanka? Madatsar Kainji tana nan kudu da mu, an kammala ta tun 1968, amma kowa ya san halin da wuta take ciki a gidajenmu. A kawo, a ɗauke, ta dawo da rauni, ko ta dawo da ƙarfin da zai ƙone kaya. Waɗannan akwatuna kuwa an ƙera su ne da tunanin za su wuni su kwana a kunne. Faifan da ke ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wata 'yar allura tana shawagi a kansa tana rubutu. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutun, abin da ke hanya ya salwanta, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Sau ɗaya ko sau biyu akwatin kan gyara kansa. In ya zama kullum ne, wata rana za ka kunna ya ce maka bai san faifan ba.

Don haka kuɗin UPS, wato ɗan batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, lissafa shi cikin kuɗin akwatin tun daga farko. Ka nemi wanda yake da kafar USB a bayansa. Amfanin kafar shi ne, ana haɗa ta da akwatin, da zarar wuta ta tafi sai UPS ɗin ya sanar da shi, shi kuma ya kammala rubutunsa ya kashe kansa cikin natsuwa, ko kana kasuwar Wara ko kana barci. Kowane kamfani yana da jerin UPS ɗin da akwatinsa ke fahimta. Duba jerin kafin ka biya.

Masu sola, ku kawo kunne mu yi lissafi. Akwati mai faifai biyu yana cin wajen watt 15 zuwa 20 in yana aiki, in ya yi barci kuma wajen watt 5. Mu ɗauki 15. A awa 24 ya sha 360 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma in irin na gargajiya ne mai ruwa ko jel, rabi kawai ake so a sha don ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga in ka bar akwatin da rauta a kunne daga magariba zuwa hantsi, sun kusa cinye rabin abin da ya kamata fanka da fitila su sha. Mafita tana nan cikin akwatin. Yawancin na kirki ana iya tsara musu lokacin tashi da lokacin kwanciya. Sa shi ya tashi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da rana ta buɗe faranti na cika batir, wayoyi da kwamfuta su juye kayansu, ya kashe kansa da la'asar. Ajiyar gida ba ta buƙatar fiye da haka. In mai shago bai iya nuna maka inda ake wannan tsari a samfurin da yake tallata maka ba, ka dakata da biya.

Ga mai janareto kuma, kada akwatin ya zama a jone kai-tsaye lokacin da ake sauya layi. Farkon damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare shi daga bango gaba ɗaya, har da wayar da ta haɗa shi da rauta, domin tsawa ta kan biyo kowace waya.

Bayan wuta sai zafi. Manyan kamfanonin nan, irin su Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, sukan rubuta a takardar ƙananan akwatunansu cewa iyakar zafin ɗakin da za a ajiye su digiri 40 ne. A Maris da Afrilu, a ƙasar nan tamu, inuwa ma kan kai haka, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin da ƙarfe biyu na rana. Nemi wanda yake da fanka a bayansa, ka sa hannu ka ji iska na fita. Kada a kulle shi cikin kabad, kada a rufa masa kyalle don gudun ƙura, ko da uwargida ta ga hakan ya fi tsafta. A ɗora shi a kan kanta mai tsayi, a ɗakin da ya fi sanyi, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Bayan hunturu a kashe shi, a zare faya-fayan, a share ƙurar da ta daskare a fanka da busasshen buroshi. Za ka tarar da ita ta yi kauri, wani lokaci har da gidan tururuwa ko kyankyaso, domin suna son ɗumin wurin.

(Kiɗan taushi na ɗan lokaci)

Jama'a, muna tare har yanzu, muna magana kan zaɓen sabon akwatin ajiya. Yanzu mun zo inda na fi so a saurara da kyau.

Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ɗauki mai faifai biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan." Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. Tsarin da yake nufi shi ne wanda duk abin da aka rubuta a faifai na farko, nan take a rubuta shi a na biyu. Shi ya sa in ka sa faifai biyu masu terabait 4 kowanne, terabait 4 za ka samu, ba 8 ba, kuma kwamfuta za ta nuna maka wajen 3.6 saboda bambancin yadda ake ƙirga. Tsari ne mai kyau, ni ma shi nake ba da shawara. Sai dai abu ɗaya tak yake karewa, mutuwar faifai ɗaya. In yaro ya goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. In wuta ta ƙone akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko ruwa ya shigo ɗaki, duka biyun sun tafi tare.

Tarihin kogin nan namu ya riga ya nuna mana wannan. A ƙarshen 1805, Baturen nan Mungo Park yana garin Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, yana shirin gangaro Kwara cikin jirgi. Kafin ya tashi, sai ya tattara wasiƙunsa da littafin da ya rubuta labarin tafiyarsa zuwa wannan rana, ya danƙa wa jagoransa Isaaco ya koma da su Gambiya. Shi kuma ya ci gaba, yana rubuta abin da ya gani. Ya iso nan ƙasar Yawuri, inda tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya wuce zuwa Busa, a can ruwa ya ci shi a farkon 1806. Abin da ya aika da shi ta tudu ya isa Landan, an buga shi a 1815, ana karanta shi har gobe. Abin da ya riƙe a cikin jirgi, labarin doguwar tafiya daga Sansandin zuwa ƙasarmu, babu wanda ya sake ganinsa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo har Birnin Yawuri suna neman takardun, suka yi makonni, suka koma ba su samu ba. Tsohuwar Busa kanta yau tana ƙarƙashin tafki, tun lokacin da aka tashi mutum sama da dubu arba'in daga garuruwansu da gungayensu don a tare ruwan.

Da Park ya rubuta littafinsa sau biyu, ya ajiye duka a jirgi ɗaya, da duka sun nutse. Akwati mai faifai biyu a ɗaki ɗaya, littafi biyu ne a jirgi ɗaya. Abin da ke tsira shi ne wanda aka aika nesa.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Mu da muke zaune a bakin ruwa, wannan na ƙarshen shi ne namu. Mun ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, mun ga ta 2022. Wanda gidansa yake fadama ya san ruwa ba ya sallama, kuma ranar da ya shigo, yara da tsofaffi za a fara ɗauka, babu mai tuna wani akwati.

Wani zai ce, to ai sai a tura kwafin intanet. Ga takardu da zaɓaɓɓun hotuna, ƙwarai kuwa, a tura. Amma ga mai bidiyo, mu sake lissafi. In layinka yana tura megabit 5 a daƙiƙa, wanda ba kullum ake samun haka a ƙauyukanmu ba, terabait ɗaya zai ci kwana 18 da ɗoriya, dare da rana ba yankewa. Ga kuɗin data, wanda aka amince wa kamfanonin waya su ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ga kuma kuɗin hayar wurin ajiyar duk wata. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce mota da ɗan'uwa. Sayi faifan waje guda biyu. Ɗaya yana gida, kana jona shi da akwatin duk Juma'a ya kwashi sabon abu, ka zare shi. Ɗayan yana wajen wanda ka amince da shi a kan tudu, a Koko ko Kontagora ko Birnin Kebbi, ko ma wata unguwa mai tsayi a cikin gari. Duk wata, ko duk lokacin da tafiya ta kama, a yi musaya. A naɗe shi da kyalle, a sa cikin roba mai murfi, kada a jefa shi bayan mota tare da buhuna, domin faifai mai juyawa ba ya son duka. Kuma a kulle shi da kalmar sirri, tunda hotunan iyalinka da na iyalan mutane ne a ciki. Wajen zaɓen akwati, tabbatar yana da kafar USB da manhajar da ke yin wannan kwafi da kanta.

Ga hukuncina, in kuɗi bai isa a sayi komai ba. Gara akwati mai faifai ɗaya, da UPS, da faifan waje da ke kwana a wani gari, da akwati mai faifai huɗu shi kaɗai a ɗaki. In ma kuɗin bai kai na akwatin ba, bar shi, ka sayi faifan waje biyu ka riƙa juyawa. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kayan nan sun yi tsada, kuma babu abin kunya a fara da kaɗan.

Girman da za a saya ba ya buƙatar dogon bayani. Duba abin da ka tara yanzu, ka duba abin da ka ƙara a shekarar da ta wuce, ka ninka na shekarar sau huɗu ka haɗa. Abin da ya fito, sayi wanda ya ɗan fi shi.

Faya-fayan su ne ake yawan cutar mutane a kansu, domin galibi akwatin fanko ake sayar da shi, kai za ka zuba faifai. Iri biyu ne a kasuwa, CMR da SMR. A SMR, layukan rubutu suna hawa kan juna don a samu wuri, saboda haka in za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Ga ajiyar da ba a taɓawa, ba laifi. Amma ranar da faifai ɗaya ya mutu ka sa sabo, akwatin zai kwashe awoyi masu yawa yana juye komai daga mai rai zuwa sabon, a nan SMR kan yi nauyi ƙwarai, wani lokaci har akwatin ya ɗauka ya lalace ya fitar da shi. A 2020 an gano Western Digital yana sayar da SMR cikin samfurinsa na WD Red, daga terabait 2 zuwa 6, ba tare da ya bayyana ba. Bayan ƙorafin masu saye ya ware na CMR ya sa musu suna WD Red Plus. Saboda haka ka nemi Red Plus, ko IronWolf na Seagate, ko N300 na Toshiba. Waɗannan don irin wannan aiki aka yi su.

Sai maganar na hannu. A Farm Centre ko titin Beirut a Kano, a Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, za ka samu masu gaskiya da yawa, za ka kuma samu faifan da ya yi shekaru yana aiki a wani kamfani a Turai, aka goge shi aka sa a sabuwar leda. Araha ba ta ado. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikinsa, ana kiran wannan bayani SMART. Ka ce a jona shi a gabanka a buɗe. Duba awoyin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, to in ka ga dubu talatin, ka san ya haura shekara uku yana juyawa. Duba kuma ko akwai gurabun da suka lalace aka sauya. Ƙwararrun mazambata kan iya goge wannan lissafi, don haka ɗauki lambar da ke jikin faifan ka sa a shafin kamfanin, zai nuna maka ko garantinsa na nan. Karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. In ka aiki direba ko ɗan'uwa ya sayo maka, rubuta masa cikakken sunan samfurin a takarda, kada ka ce masa kawai "mai tera huɗu".

Ko sabo dal ka saya, sa a ranka zai mutu wata rana. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai faya-fayai dubbai, yana wallafa ƙididdigar mutuwarsu tun 2013, kuma abin da ake gani shi ne wajen ɗaya zuwa biyu cikin ɗari suna mutuwa a shekara. Wannan a ɗakuna masu sanyi ne da wutar da ba ta yankewa. Namu ba su samu wannan gata ba.

Wane kamfani? Ban zo tallar kowa ba. Synology da QNAP da Asustor da TerraMaster duk sanannu ne, Ugreen ma ya shigo kasuwar. Tambayoyi biyu zan ba ka ka tafi da su. Ta farko, in akwatin ya ƙone faya-fayan suka tsira, za a iya karanta su a wata kwamfuta? Akwai wani kamfani, Drobo, da ya yi suna sosai, amma tsarin rubutunsa nasa ne shi kaɗai. Uwar kamfanin ta durƙushe a 2022, aka daina ƙera shi, masu shi suka koma neman tsoffin akwatuna na hannu don kawai su buɗe kayansu. Yawancin waɗanda na ambata suna amfani da tsarin Linux, wanda mai gyaran da ya san aikinsa zai iya buɗewa. Ta biyu, akwatin yana karɓar faifan kowane kamfani? A 2025 Synology ya fito da wasu sababbin samfura da ya ce sai da faifai mai tambarinsa, daga baya cikin shekarar ya sassauta. Ga mutumin da ke Shanga, wanda in faifai ya mutu sai ya aika Kano ko Sakkwato, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tambaya kafin ka biya.

In ka kawo shi gida, kada ka buɗe masa ƙofa zuwa intanet don kawai ka riƙa leƙa hotuna daga nesa. A Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin dubban masu akwatin QNAP da suka bar su a buɗe, aka ce sai sun biya kafin a buɗe musu. Wata guda bayan haka ta faɗa wa na Asustor. Canza sunan shiga da kalmar sirrin da ya zo da su. Kashe duk wata hanyar shiga daga waje da ba ka buƙata. Bar shi ya riƙa sabunta manhajarsa. In samfurin yana da tsarin da ke riƙe yadda fayiloli suke jiya da shekaranjiya, kunna shi, shi ne zai dawo maka da abin da aka goge bisa kuskure.

Yanzu ga masu waya kaɗai, na yi muku alkawari. Memorin da ke cikin waya ba ajiya ba ce, da wayar take faɗawa ruwa. Akwai kuma na jabu da yawa, a rubuta giga 64 alhali 8 ne a ciki, sai ya cika ya fara cinye tsoffin hotuna ba ka sani ba. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, amma tun Yunin 2021 hotuna suna cin wannan wuri, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ma a ciki take. In ya cika, ajiya ta tsaya shiru. Shiga WhatsApp ka duba ranar da ya yi ajiya ta ƙarshe, za ka iya tarar da wata shida ne. Google ya kuma sanar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, yana iya rufe shi. Abin yi shi ne, cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp don wurin ya isa, ka ɗauki hoton takardunka masu muhimmanci ka tura can, sannan ka sayi filash mai kyau da ke shiga waya kai-tsaye, ka riƙa juye hotuna duk wata kana ajiyewa a gidan ɗan'uwa. Rubuta adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa a takarda. Da yawa daga iyayenmu, a shago aka buɗe musu asusun, ba su taɓa sanin kalmar ba.

Saura ranar ƙaura daga tsohon akwati zuwa sabo. A yi ta da wayar da ake jonawa da rauta, kada a yi ta waifai, kuma a zaɓi ranar da batir ya cika. In an gama, gwada yawan fayilolin can da na nan, ka buɗe wasu daga kowace shekara ka ga suna buɗuwa. Tsohon kuma kada a taɓa shi sai bayan wata guda. In za ka sayar ko ka ba mai gwangwan, ka sani gogewa ta yau da kullum ba ta share komai, yaro mai wayo zai dawo da hotunan cikin awa ɗaya. A yi masa cikakkiyar sharewa wadda ke bin faifan gaba ɗaya, in kuma ya lalace ba ya karɓar umarni, a huda shi da ƙusa a wurare da yawa. Hotunan amaren mutane da matan aure amana ce a hannun mai hoto, kuma amanar ba ta ƙarewa don na'ura ta tsufa.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙo a ɗauke shi da muhimmanci. Mutum ɗaya a gidan, matarka ko babban ɗanka ko ƙaninka, ya san inda faifan waje yake, ya san kalmar sirri. Rai na hannun Allah. Takardun gona da na bashi da aka kulle, mai makullin ya rasu, magada ne za su sha wahala.

A daren nan kafin ku kwanta, kowa ya buɗe ajiyarsa, ta akwati ce ko ta waya, ya nemo hoto ɗaya na shekara uku da suka wuce ya ga ko yana buɗuwa. Wanda nasa bai buɗu ba, ko yake da wata tambaya, ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.